Yadda Ake Zamiyar Telemark: Daga Durƙuson Farko Zuwa Filin Gasa da Dajin Dusar Ƙanƙara

Idan ka tsaya a gindin tsauni a ƙasar Norwe cikin watan Maris kana kallon masu zamiya a kan dusar ƙanƙara, za ka ga galibinsu a tsaye suke gangarowa, ƙafafu a jere, suna karkata hagu da dama. Can sai ka hango wani tafe yana durƙusawa a kowace kwana, gwiwa ɗaya gaba ɗaya baya, kamar mai gaida manya a zaure ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne telemark. Sirrinsa a dunduniya yake. Mai zamiyar da aka saba gani, takalminsa a ɗaure yake da allon zamiya gaba da baya. Mai telemark kuwa yatsunsa kaɗai ke ɗaure, dunduniyarsa a sake take, tana ɗagawa kamar ta mai tafiya a ƙasa. Da wannan sakin yake hawa tsauni da ƙafarsa, ya kuma gangaro da kayan da ya hau da su.

Sunan na wani yanki ne a kudancin Norwe. A ƙauyen Morgedal da ke can aka haifi Sondre Norheim a 1825. Shi ne ya murɗa saiwar bishiya ya yi maɗaurin da ke zagaye dunduniya don kada allo ya suɓuce, ya kuma rage faɗin allon a tsakiya don ya riƙa shan kwana cikin sauƙi. A 1868, yana da shekara 42, ya je gasa a babban birnin ƙasar, wanda a lokacin ake kira Kiristiyaniya, yau kuma Oslo, ya cinye. Ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1884, ya rasu a Dakota ta Arewa a 1897. Salon nasa ya kusa ɓacewa bayan da maɗaurin da ke kulle dunduniya ya mamaye duniya, sai cikin shekarun 1970 wasu matasa a garin Crested Butte na jihar Kolorado suka farfaɗo da shi.

Na rubuta wannan ne saboda ɗan'uwa ko 'yar'uwa da karatu ko aiki ya kai ƙasashen sanyi, tsauni na bakin ƙofarsa amma yana ganin wasan ba nasa ba ne. Naka ne. Samuel Ikpefan ya ɗaga tutar Najeriya a tseren zamiya na dogon zango a gasar Olamfik ta hunturu a Beijin a 2022, ba wanda ya tambaye shi ko ana dusar ƙanƙara a ƙasar. Roƙona ɗaya ne, ka bi matakan a jere. Gwiwa tukuna, sannan fili, sannan daji. Kuma ka riƙe tun yanzu cewa iya juyi ba ya tsare mutum daga zaftarewar dusa. Ƙwarewar ce ma take kai shi inda zaftarewar take.

Da farko, jikinka

Telemark cin cinya gare shi. Kowane juyi durƙuso ne da miƙewa, kuma a gangarowa ɗaya za ka iya yin ɗari. Wata biyu kafin hunturu ka fara tattaki mai durƙuso a ɗaki ko a farfajiya: ka jefa ƙafa ɗaya gaba, ka sauke gwiwar baya ta kusa taɓa ƙasa, ka miƙe, ka sauya. Ka fara da goma-goma sau uku, kana ƙarawa mako-mako. Ka haɗa da hawan bene da tsayuwa a ƙafa ɗaya ido a rufe.

Akwai maganar da malaman zamiya na Turai ba lalle su yi maka ba, amma mu ta shafe mu. Idan kana da amosanin jini, wato sikila, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da ƙarancin iskar shaƙa a kan tudu duk suna tayar da ciwon. Ko wanda ke ɗauke da rabin ƙwayar, mai AS, yana iya samun matsalar saifa a tsauni mai tsayi idan ya wahalar da jiki. Ka san rukunin jininka, ka ga likita kafin ka hau. Tsaunukan Norwe da yawa daga bakin teku suke tashi, ba su kai na Suwizalan ko Kolorado tsayi ba, don haka wurin da ka zaɓa ma yana cikin lissafi.

Kayan aiki

Kada ka sayi komai a makon farko. Ka yi haya, ka gwada, ka ga abin da ƙafarka ta yarda da shi. Tsarin takalmi da maɗauri iri biyu ne, kuma ba sa shiga juna. Tsohon tsari ana ce masa 75, saboda bakin takalmin yana da wani leɓe kamar bakin agwagwa mai faɗin milimita 75, wanda ke shiga maɗauri, waya kuma ta zagayo dunduniya. Sabon tsari shi ne NTN, wanda kamfanin Rottefella na Norwe ya fitar a 2007. Shi yana kama takalmi ne ta ƙarƙashin tafin ƙafa, yana ba da ƙarfin danna gefen allo, kuma shi 'yan gasa suka fi amfani da shi yanzu. Na 75 ya fi araha a kasuwar gwanjo. Idan kana da niyyar gasa, ka fara da NTN kawai, kada ka sayi kaya sau biyu.

Takalmin na roba ne mai tauri, amma yana da lanƙwasa a saman yatsu, kamar zugazugin maƙeri. Nan ne ran takalmin. Wajen gwaji ka durƙusa a shagon. Idan lanƙwasar tana matse maka yatsu, ko dunduniyarka tana zamewa a ciki, ka nemi wani. Safa ɗaya ta ulu ta isa; safa biyu suna tsuke jini, ƙafa ta fi yin sanyi.

Allo na koyo ya kai maka tsakanin haɓa da goshi, mai laushi, matsakaicin faɗi. Sanduna masu tsawaita da gajarta sun fi, domin wajen gangarowa gajeru kake so, wajen hawa dogaye. Hular kwano dole ce. Tabarau ma haka: dusa tana mayar da mafi yawan hasken ranar da ya sauka a kanta, tana iya ƙona ido mutum ya kwana yana hawaye kamar an zuba masa yashi. Baƙar fata ba ta kare ido. Tufafi kuwa hawa-hawa ake sa su, ulu a jikin fata, rigar ɗumi a tsakiya, mai tare iska a waje. Auduga ka bar ta a gida, tana shan gumi ta riƙe, ta zama ƙanƙara a jikinka.

Juyin kansa

A nan za ka daɗe, kuma ya kamata ka daɗe. Ka nemi filin zamiya, ka je gangaren yara, wanda ƙarshensa shimfiɗe yake yadda ko ba ka yi komai ba za ka tsaya. Idan da malami, ka biya kuɗin darasi biyu ko uku. Kuskuren da jiki ya haddace a makon farko yana ɗaukar shekara kafin ya fita.

Ka fara a tsaye a wuri ɗaya, a shimfiɗaɗɗen fili. Ka tura ƙafa ɗaya gaba, ka ja ɗayar baya a lokaci guda, har tazarar da ke tsakanin dunduniyar gaba da yatsun baya ta kai tsawon takalmi ɗaya. Ka sauka tsaye kamar guga a rijiya, kada ka sunkuya. Tafin ƙafar gaba duk yana kan allo, ƙwaurinka na danna harshen takalmi. Ƙafar baya dunduniya a sama, nauyi a kan tushen yatsu, gwiwar tana ƙarƙashin ƙugunka. Hannaye gaba, kamar ka ɗauko tire. Ido can nesa, ba kan alluna ba.

Yanzu ga abin da ke raba mai telemark na gaske da mai kwaikwayo: ƙafar baya. Sabon shiga yakan ɗora duk nauyinsa a ƙafar gaba, ta baya tana binsa kamar jela. A gyararren fili zai iya tsira da haka, amma ranar da ya shiga dusa mai zurfi allon bayan zai karkace ya harɗe na gaba, ya kife. Ka raba nauyinka biyu daidai. Ka ji kamar kana murƙushe wani abu da tushen yatsun ƙafar baya. Idan lanƙwasar takalmin ba ta matsu ba, ba ka danna ba. Kuma kada ka buɗe tazara da yawa don ka ga gwiwa ta taɓa allo. Yana da kyau a hoto, amma yana gajiyar da cinya, yana hana ka saurin sauyawa.

Da tsayuwar ta zauna, ka gangara kai tsaye a hankali kana sauya ƙafa: dama gaba, hagu gaba, dama gaba, alluna ba sa barin dusa. Ƙafafun su wuce juna kamar almakashi, ba tsayawa a tsakiya. Ka yi wannan har ya gundure ka, sannan ka ƙara.

Sai kwana. Ƙa'idar ita ce ƙafar da ke wajen kwana ita ke gaba. Za ka juya hagu, ƙafar dama ce gaba; za ka juya dama, ta hagu. Ka danna da babban yatsan ƙafar gaba da ƙaramin yatsan ƙafar baya, allunan biyu za su kwanta a gefe guda su fara lanƙwasa da kansu. Kada ka murɗa kafaɗa don ka tilasta musu. Ƙirjinka ya ci gaba da fuskantar gindin gangare, ƙafafu ne ke aiki a ƙarƙashinka. Ka fara da kwana ɗaya har ka tsaya, ka maimaita ta wancan gefen. Kowa yana da gefen da ya fi masa wuya, ka ba shi ninki biyu na lokaci.

Haɗa kwana da kwana shi ne mataki na gaba. Yayin da ɗaya ke ƙarewa, ka ɗan miƙe, ka bar allunan su kwanta daidai a kan dusa, ka dasa sandar da ke ta ƙasa, ka bar hancin alluna su nufi gangare, sannan ka sauya ƙafa a hankali cikin tsawon kwanar. Masu gaggawa sukan sauya ƙafa tukuna sannan su nemi juyawa, sai su sandare. Akwai atisayen da na fi yarda da shi wajen gyara wannan: ka bar ƙafa ɗaya a gaba, ka yi kwana hagu da dama ba tare da ka sauya ba. Rabin kwanonin za su zo maka a bai-bai, kuma nan ne ƙafar baya za ta koyi aikinta dole.

Za ka faɗi, galibi ta fuska, tunda dunduniya ba ta riƙe ka. Idan ka ji hancin allo ya nutse ko dusa ta riƙe ka, ka ƙara sauka cikin durƙuson. Tazarar gaba da baya ita ce madogararka.

Filin gasa

Gasar telemark tana ƙarƙashin FIS, hukumar wasannin zamiya ta duniya. An yi gasar fitar da zakarun duniya ta farko a Hemsedal ta Norwe a 1987, kuma har yau wasan bai shiga Olamfik ba. Wannan bai rage masa komai ba a idona. Amélie Wenger-Reymond ta Suwizalan ta ci tsere fiye da 160 a zagayen gasar duniya kafin ta yi ritaya a 2023, adadin da ya sa ta cikin waɗanda suka fi kowa nasara a duk wasannin hukumar.

Abin da ya sa nake son gasar shi ne tana tattara komai a tsere ɗaya. Ka fara da ƙofofi, wato tutocin da ake zagayawa hagu da dama. A tsakiya akwai tsalle. Daga nan ka faɗa wani kewaye mai bango da aka gina da dusa, ka yi zagaye cikakke, wanda 'yan Norwe ke kira reipelykkje, ma'ana madaukin igiya. Kewayen yana cinye gudunka, ka fito sai fili ko ɗan tudu, inda za ka ture kanka da ƙafafu da sanduna har layin ƙarshe, cinya na ci da wuta. Saboda wannan ɓangaren ne sandunan 'yan gasa suka fi na sauran masu telemark tsawo.

Iri uku ne manya. Na gargajiya, mai tsawo, gangarowa ɗaya ce. Gajeren tsere ana yinsa sau biyu a haɗa lokacin. Sai na kafaɗa da kafaɗa, mutum biyu a hanyoyi biyu a jere, wanda aka kayar ya fita.

Agogo kaɗai ba ya yanke hukunci. Akwai alƙalai a gefen hanya suna duba ƙafafunka. Duk ƙofar da ka zagaya ba cikin tsayuwar telemark ba, wato tazarar ba ta kai tsawon takalmi ba ko dunduniyar baya ba ta ɗaga a fili ba, za a ƙara maka daƙiƙa ɗaya. A tsalle akwai layin da aka shata a dusa: ka gaza kai shi, a ƙara maka daƙiƙu, ka sauka ƙafafu a jere ba cikin durƙuso ba, a sake ƙarawa. Mai gudu marar tsabtar ƙafa yakan sha kaye a hannun wanda ya fi shi natsuwa.

Hanyar shiga ita ce kulob. Ka nemi ƙungiyar zamiya ta garin da kake wadda ke da sashen telemark, ka fara da tserensu na cikin gida. Lasisin shiga gasar FIS ta hannun hukumar zamiya ta ƙasa ake samunsa, wannan sai daga baya. A atisaye ka raba mako uku: rana ta ƙofofi, rana ta tsalle, rana ta turi a fili. Tsallen ka fara da ɗan tudun da bai wuce gwiwa ba, ka koyi tashi hannaye gaba, ka sauka kai tsaye cikin durƙuso. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo daga gefe, domin abin da kake ji tazara ce mai faɗi, a ido sau da yawa rabin takalmi ce. Ranar gasa ana ba da lokacin duba hanya kafin a fara. Ka bi ta a hankali, ka haddace ƙofofi biyun da ke kafin tsalle, domin su ne ke yanke ko za ka isa layin.

Bayan shinge

Duk wanda ya ɗanɗana sabuwar dusa mai laushi, wadda ba a taka ba, wadda ke tashi kamar garin tuwo ta rufe gwiwa, zai so ya bar fili ya shiga daji. Saboda ita mutane ke tafiya Hokkaido ta Jafan, da tsaunukan Yuta a Amurka, da Lyngen a arewacin Norwe, inda ake gangarowa teku na ƙarƙashinka. A cikin fili akwai ma'aikatan da ke tayar da zaftarewa da gangan kafin a buɗe, su rufe inda ke da haɗari. Da ka tsallake shinge, ba kowa sai kai da abokan tafiyarka.

Kafin komai ka yi kwas na zaftarewar dusa, na kwana biyu ko uku. A Norwe ƙungiyar matafiya ta DNT tana shiryawa, a Kanada ana ce wa na farko AST 1, a Amurka akwai na AIARE. Abin da zan faɗa a nan share fage ne, ba ya maye gurbin kwas.

Dusa hawa-hawa take kwanciya, kowane hadari da shimfiɗarsa. Wani lokaci shimfiɗa mai ƙarfi, wadda iska ta daddaɓe, takan zauna a kan wata mai rauni kamar sukari. Ka ɗauka tabarma ce aka shimfiɗa a kan geron da ya zube a siminti. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya ta ƙasan, tsagar ta ruga ta ko'ina, falon dusa mai faɗin filin ƙwallo ya taho gaba ɗaya, cikin 'yan daƙiƙu gudunsa ya haura kilomita 100 a sa'a. A mafi yawan haɗurran da ake rasa rai, wanda abin ya ci ko wani cikin tawagarsa ne ya tayar da ita.

Lamba ɗaya za ka riƙe: digiri 30. Irin wannan zaftarewa kusan duk tana tashi ne a gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45. Shekararka ta farko, har ta biyu, ka tsaya ƙasa da 30, kuma ka duba abin da ke samanka, domin dusar da ta taso daga sama tana iya isowa fili. A Norwe ana koyar da cewa ka nisanci gindin gangare da ninki uku na tsayinsa. Manhajar Varsom a Norwe da White Risk a Suwizalan suna da taswirar da ke shafa wa gangare launi gwargwadon tsayuwarsa. A kan dusa kuma ga yadda ake aunawa da sanduna biyu masu tsawo ɗaya. Ka kwantar da ɗaya tana kallon gangare, mariƙinta ta wajen gindin gangare, ta bar shaida a dusa. Ka bar tsininta a inda yake, ka ɗaga mariƙin, ka haɗa shi da mariƙin ta biyu, ita kuma ka bar ta tana reto har tsininta ya taɓa dusa. Ya sauka daidai ƙarshen shaidar na ƙasa, digiri 30 ne. Ya wuce ta ƙasa, ya fi 30, kowane santimita 10 kamar digiri 3 ne.

Daren tafiya ka karanta hasashen zaftarewa, ka sake karantawa da safe. Ma'aunin daga 1 zuwa 5 yake. Kada lamba 3 ta ruɗe ka don tana tsakiya: a Suwizalan kusan rabin waɗanda ke mutuwa a mataki na 3 suke mutuwa, saboda haɗarin ya yi yawa amma bai kai ya tsorata mutane su zauna a gida ba. Ka karanta bayanin da ke ƙarƙashin lambar, wace fuskar tsauni ce, daga wane tsayi, wace irin matsala. Ka tsara hanya, ka tsara ta biyu mai sauƙi, ka sa lokacin juyowa. Lissafin da aka saba shi ne hawan mita 300 zuwa 400 a sa'a. Ka faɗa wa wani a gida inda za ku da lokacin dawowa. Tawaga ta mutum uku zuwa biyar ta fi. Kai kaɗai, a'a.

Abu uku kowa zai ɗauka a jikinsa, ba a raba su tsakanin mutane: na'urar neman wanda dusa ta binne (tana aika sigina, ana kuma mayar da ita kan nema), sandar lalube mai naɗewa wadda ta kai aƙalla santimita 240, da shebur na ƙarfe. Na'urorin duk a zango ɗaya suke magana, kilohaz 457, ko wane kamfani ya ƙera. Ka rataya taka a jiki ƙarƙashin riga, ba a jaka ba, ka nisanta ta da waya da aƙalla santimita 20. A bakin hanya mutum ɗaya ya tsaya ya gwada ta kowa. Sauran kaya: rigar ɗumi ta ƙari, safar hannu ta biyu, fitilar goshi, taswira da kamfas, shayi a filas, dabino da gyaɗa a aljihun ciki inda ba za su daskare ba. Ka yi alwala tun daga gida, ka busar da fuska da hannu sosai kafin ka fita.

Hawa da fata ake yi. Wani ƙyalle ne mai gashi da ake mannawa a ƙarƙashin allo; a da fatar dabbar teku ce, yanzu gashin akuyar Angora ne ko nailan ko haɗinsu. Gashin yana kwanciya idan ka tura gaba, ya tashi ya riƙe idan za ka zame baya. Ka ja ƙafa, kada ka ɗaga allo. Ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi, domin cikin minti goma za ka ɗumama, gumi kuwa abokin gaba ne. Ka bi doron tudu, ka guji kwari da kwazazzabo inda ko ƙaramar zaftarewa za ta tara dusa mai zurfi a kanka. Ka nisanci leɓen dusar da iska ke ginawa a bakin ƙololuwa, yana karyewa can baya da inda ido ke zato. Kuna tafe kuna duban fuskar juna: a baƙar fata cizon sanyi ba lalle ya yi fari fat ba, wurin yakan yi toka-toka, ya yi tauri, ya mutu da ji. A rufe shi da hannu mai ɗumi, kada a murza.

Tsauni yana gargaɗi. Zaftarewar da ta faru yau ko jiya a gangare irin naka. Wani gurnani a ƙarƙashin ƙafa, dusa ta ɗan nutse da kai. Tsaga da ke gudu daga hancin allonka. Sabuwar dusa mai yawa cikin kwana guda, ko iska na kwasarta tana jibgewa a gefe ɗaya, ko zafi ya taso farat ɗaya. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a koma hanya ta biyu. Cikin dokokin tsauni tara da ake koya wa yara a Norwe akwai wadda ke cewa ka juya da wuri, ba abin kunya ba ne. Mu ma mun san durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kuma a yi yarjejeniya tun a mota cewa idan mutum ɗaya ya ce a koma, an koma, ko shi ne ƙarami.

A sama ka sa riga kafin sanyi ya kama ka, ka cire fata ka naɗe ta ka sa a ƙirji don gam ɗin kada ya daskare. Ka zare hannunka daga igiyar sanduna. Ka san kuma cewa maɗauran telemark da yawa ba sa sakin ƙafa da kansu, allon da ya maƙale kuwa yana jan mutum ƙasa cikin zaftarewa. Wannan ƙarin dalili ne na tsayawa a gangare mai sauƙi. Ku sauka ɗaya bayan ɗaya, saura na kallo daga wuri amintacce, a tsaya a gefe, ba a tsakiyar gangare ba. Cikin lallausar dusa ka matse tazarar ƙafafu, ka tsaya ɗan sama, nauyi rabi da rabi, ka bar gudu ya ɗan ƙaru don alluna su taso. Kada ka jingina baya. Ka yi kwana masu zagaye, kana nutsewa kana tasowa da kari ɗaya kamar masu daka. Cikin itatuwa ka nisanci gindinsu, akwai ramin dusa a ƙarƙashin rassa da ke haɗiye mutum ta ka.

Idan abin ya faru

Alƙaluman Suwizalan sun nuna cewa cikin waɗanda aka tono a minti 15 na farko, kusan tara cikin goma suna rayuwa. Bayan minti 35 sai kamar ɗaya cikin uku. Jirgi mai saukar ungulu ba zai iso cikin wannan lokacin ba. Ku ne masu ceto.

Idan kai ta ɗauka, ka yi ihu, ka yar da sanduna, ka yi ƙoƙarin fita ta gefe, da ta fara lafawa ka kare bakinka da hancinka da hannu. Idan kai ke kallo, ka kafe ido a inda ka gan shi na ƙarshe. Ka tabbata wata ba za ta biyo ba. Mutum ɗaya ya ja ragama, ya ƙirga waɗanda suka ɓace, kowa ya mayar da na'urarsa kan nema, wayoyi su yi nisa da ita da rabin mita. Idan kuna da yawa ɗaya ya kira 112, lambar gaggawa a Turai. Idan ku biyu ne, nema tukuna. Ku fara daga inda aka gan shi na ƙarshe zuwa ƙasa, kuna duban safar hannu ko allo da ya leƙo. Da na'ura ta kama, ka bi kibiya da gudu, lambar da ke nuna kimanin tazara a mita tana raguwa. Ta kai 10, ka rage sauri. Ta kai 3, ka durƙusa, na'ura a kan dusa, ka ja ta gaba da baya, hagu da dama, ba tare da ka juya ta ba, har ka sami lamba mafi ƙanƙanta. Nan za ka soka sandar lalube, kana zagayawa da tazarar santimita 25. Ka ji taushin jiki, ka bar sandar a wurin.

Tono shi ya fi cin lokaci, domin dusar da ta zaftaro tana daskarewa kamar ɗaɓe, kuma mutumin da ke zurfin mita ɗaya sai an kwashe abin da ya haura tan guda. Kada ka tona daga sama kai tsaye. Ka matsa ƙasa da sandar da ninki ɗaya da rabi na zurfin, ka tona kana nufar ta, na gaba yana sara, na baya suna kwashewa, kuna sauya wuri akai-akai. Ku nemi fuska tukuna, ku share baki da hanci. Ba ya numfashi, a fara hura masa iska da danna ƙirji. Yana numfashi, a motsa shi a hankali, a raba shi da dusa, a lulluɓe shi. Wannan duka ku riƙa gwada shi a farkon kowane hunturu: a binne jaka da na'ura a ciki, a danna agogo.

Da kun dawo mota lafiya, ku sake ƙirga kanku kafin kowa ya kashe na'urarsa. Ka kira wanda ka bar wa saƙo a gida. Ka shanya fata nesa da hita, ka zaro cikin takalmi ya bushe, ka duba batirin na'ura, idan ya yi ƙasa da rabi ka sauya. Idan ka ga zaftarewa ko ka ji gurnanin nan a hanya, ka shigar da shi a manhajar hasashe da wuri da tsayi da hoto, domin da irin waɗannan rahotanni ake rubuta hasashen gobe.